Me ya sa ni yake saurarena, ƙanena kuma yake ɗora masa aiki?

"Assalamu alaikum Likita. Ni da ƙanena muna ganin masanin halayyar ɗan'adam guda ɗaya a nan Kaduna. Ni tun rasuwar maigidana, shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan, na kasa komawa daidai: barci ya ƙaurace mini, abinci sai dole, ɗinkin da nake yi ma na ajiye. Shi kuma ƙanena waswasi ne ya sa shi gaba, sai ya yi alwala sau goma kafin ya tayar da salla, wani lokacin har lokaci ya fita. Abin da ya ɗaure mini kai, ni da farko saurarena kawai mutumin nan yake yi, in yi ta magana in yi kuka. Bayan 'yan makonni sai ya sauya, ya ce mu tsara abin da zan riƙa yi kullum. Ƙanena kuwa tun zama na biyu ya ce ya yi alwala sau ɗaya ya tashi ko da zuciyarsa ba ta kwanta ba. Yaron har ya ce ba zai koma ba. Shin ya san aikinsa, ko kame-kame yake yi? Kuma wace hanya ce ta fi kowacce, mu nemi mai yin ta?" Wata 'yar'uwa daga Kaduna.

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙurin rashinsa, ya ba ƙanenki lafiya.

Tambayoyi biyu kika haɗa. Ta farko, idan masani ya bi da mutum biyu ta hanyoyi daban, har ya sauya wa mutum ɗaya hanya a tsakiyar jinya, ƙwarewa ce ko rashin sanin inda aka dosa? Ta biyu, akwai wata hanya da ta fi sauran? Bisa abin da kika bayyana, aikin mutumin nan ya yi mini kama da na wanda ya san abin da yake yi. Sai dai kame-kamen da kike tsoro akwai shi a wannan sana'a, kuma daga nesa yana kama da ƙwarewa, don haka ya dace ki san yadda ake bambanta su.

Inda hanyoyin suka samo asali

Jinya ta hanyar tattaunawa makarantu ce da yawa. Sigmund Freud, a birnin Biyana a ƙarshen ƙarni na 19, ya ɗora nasa aikin kan tono abin da ya faru a ƙuruciya da abin da zuciya ta binne. Carl Rogers a Amurka, daga shekarun 1940, ya ce mutum yana samun sauƙi idan ya sami mai sauraronsa da gaske ba tare da yanke masa hukunci ba. Joseph Wolpe a Afirka ta Kudu ya nuna a shekarun 1950 cewa tsoro abu ne da ake koya, ana kuma iya warware shi ta hanyar tunkarar abin tsoron mataki-mataki. Aaron Beck a shekarun 1960 ya mai da hankali kan irin maganganun da mai ciwon damuwa yake faɗa wa kansa, "ba ni da amfani", "ba abin da zai gyaru", da yadda ake gwada gaskiyarsu. Daga aikinsa da na masu bin sahun Wolpe aka sami hanyar gyaran tunani da ɗabi'a da ake kira CBT, wadda ta fi kowacce yaɗuwa a yau.

An daɗe kowace makaranta tana cewa ita ce mai gaskiya. Amma tun 1936 Saul Rosenzweig ya lura cewa hanyoyin da suka saɓa wa juna a ƙa'ida duk suna samun nasara, ya ce lallai akwai abin da suka yi tarayya a kai. Binciken da ya biyo baya ya gaskata shi a wurare da dama, musamman a ciwon damuwa na manya, inda manyan hanyoyin suke ba da sakamako kusan ɗaya. Abin da aka fi gani yana tafiya tare da samun sauƙi shi ne abin da Edward Bordin ya fayyace a 1979: masani da majinyaci su yarda kan inda aka dosa, su yarda kan aikin da za a yi, kuma a sami aminci tsakaninsu. A 1967 Gordon Paul ya ce tambayar "wace hanya ta fi" ba ta da amfani yadda take. Abin tambaya shi ne wace jinya, a hannun wa, ga wane mutum, mai wace matsala, a wane hali.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wajenmu. Abu Zaid al-Balkhi, wani masani Musulmi da ya rasu a 934 miladiyya, ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda yake sauka wa mutum ba tare da dalili ba. Na farko ya ce a bi shi da nasiha da gyaran tunani, na biyu kuwa ya ce jiki yana da hannu a ciki, sai an haɗa da maganin jiki. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan ne ya fito da wannan aiki ga masana na zamani.

Batun ƙanenki

A nan ne maganar "duk hanyoyi ɗaya ne" take karyewa, shi ya sa zan daɗe a kai. Ciwon waswasi yana da zagayen da yake bi. Shakka ta faɗo: anya ruwa ya taɓa diddige? Fargaba ta taso. Mutum ya sake alwala, fargabar ta sauka na ɗan lokaci. Wannan sauƙin na ɗan lokaci shi ne abincin ciwon, domin ƙwaƙwalwa ta koyi cewa maimaitawa ce ta kuɓutar da ita, gobe sai ta nemi ƙari. Wanda ya fara da sau biyu haka yake kaiwa sau goma.

Maganin da ya fi tabbata shi ne a bar shakkar ta zo, a ƙi biya mata buƙata. Mutum ya yi alwala sau ɗaya, ya tashi da fargabarsa, ya zauna da ita har ya gani da kansa cewa yana iya ɗaukarta, kuma tana raguwa ba tare da ya sake komai ba. Victor Meyer ne ya fara bayyana wannan hanya a Landan a 1966, kuma har yau ita ce ta gaba a jinyar wannan ciwo. Da masanin nan ya zaunar da ƙanenki wata shida yana sauraronsa kawai yana kwantar masa da hankali, yadda ya yi miki da farko, da yaron ya ji daɗin zuwa, ciwon kuma yana nan daram, wataƙila ma ya ƙaru. Kwantar da hankali ga mai waswasi wata alwalar ce ta daban. Duk lokacin da ya tambaye ki "Yaya, kin ga na wanke hannuna?" kika ce "na gani", kin ba ciwon abin da yake nema. Haka yawon tambayar malamai, daga wannan zaure zuwa wancan, kan mas'alar da aka riga aka amsa masa.

Abin da yake sauƙaƙa mini aiki da irin waɗannan matasa shi ne malamanmu na fiƙihu sun riga mu faɗa. Duk wanda ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya wuce ta wurin da aka ce mai waswasi ya bar waswasin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kai, sai dai ya yi sujada ba'adi. Risala ma ta ce wanda shakka ta aure shi a salla, wato take yawan zuwa masa, ya kau da kai daga gare ta. Matashin da yake ganin umarnina kamar wasa da ibada ne, idan ya buɗe littafin da ya sani ya ga hukuncin da idonsa, jikinsa yakan yi sanyi ya yarda mu gwada. Nakan nemi ya zaɓi malami guda da ya amince da shi, a yi tambayar sau ɗaya, a rubuta amsar, a rufe ƙofar sake tambaya.

To ina sassaucin yake shiga? A girman mataki. Cewa da ƙanenki ya yi ba zai koma ba labari ne da masanin yake buƙatar ji, domin yana iya nufin an fara masa daga saman tsani. Yadda aka saba, ana jera abubuwan da suke tayar da fargaba daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, majinyaci da kansa yana ba kowanne maki daga sifili zuwa goma, sai a fara daga tsakiya ko ƙasa. Wani nakan fara da shi da alwalar nafila kafin ta farilla. Wani mu fara da buta ɗaya maimakon famfo a buɗe. Wani mu yi alwalar tare a harabar asibiti, mu zauna muna hira har fargabar ta sauka. Ana iya rage mataki, ana iya jinkirta shi, amma ba a cire shi daga jinyar. Ku lallashe shi ya koma ya faɗi cewa abin ya yi masa nauyi. Idan ciwon ya yi tsanani har ya kasa fara ko ƙaramin mataki, likitan ƙwaƙwalwa yana da ƙwayoyin da suke taimakawa, sai dai a wannan ciwo sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken aikinsu, kada a yanke ƙauna a mako na uku.

Batunki

Ke kuwa, sauraron da ya fara da shi aiki ne, ko da bai yi kama da aiki ba. Matar da ta rasa miji a garuruwanmu takan sami taron jama'a a kwanakin farko, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, daga nan kowa ya kama gabansa. Idan ta yi kuka bayan haka sai a ce ta yi haƙuri, ta daina, addu'a mamaci yake buƙata. Maganar gaskiya ce, amma takan rufe bakin mai son yin magana. Sau da yawa ɗakin jinya ne wuri na farko da za ta faɗi abin da ba ta iya faɗa a gida: haushin da take ji, laifin da take ɗora wa kanta kan jinyarsa, rigimar gado, komawa gidan iyaye bayan ta saba da nata, masu fara yi mata zancen wani auren. Wanda ya miƙa wa irin wannan mata jadawali a zama na farko ba zai sake ganinta ba.

Amma sauraro yana da inda yake tsayawa. Idan baƙin ciki ya rikiɗe ya zama ciwon damuwa, mutum yakan janye daga duk abin da yake ba shi kuzari, janyewar kuma ta ƙara masa nauyi. Kin ajiye keken ɗinki, da shi kika ajiye masu kawo ɗinki da hirarsu, da ɗan kuɗin da yake shigowa, da dalilin tashi da safe. Mai wannan hali yana jiran zuciya ta so kafin ya motsa, alhali a wannan ciwo motsin ne yake fara zuwa, son ya biyo baya. Tsara ayyukan yini hanya ce mai zaman kanta da aka gwada sosai. Wani babban gwaji da aka buga a Ingila a 2016 ya nuna ba ta gaza cikakkiyar CBT ba wajen jinyar ciwon damuwa, ga ta da sauƙin koyarwa. Saboda haka sauyin da kika gani, daga sauraro zuwa tsari, jeri ne da na sani kuma nake bi.

Akwai wata hanyar da zan so a ɗebo miki daga cikinta, wadda Gerald Klerman da Myrna Weissman suka tsara a shekarun 1970. Tana kallon ciwon damuwa ta fuskar abin da ya sauya tsakanin mutum da mutanensa: rashi, saɓani, sauyin matsayi, ko kaɗaici. Ke kin haɗa aƙalla biyu, rashi da sauyin matsayi daga matar aure zuwa mai riƙe da kanta. An gwada ta rukuni-rukuni a ƙauyukan Yuganda, aka buga sakamakon a 2003, ta yi aiki ƙwarai a hannun mutanen gari da aka horar.

Inda zan ɗan ja kunnen abokin aikina, idan har bai yi ba, shi ne bayani. Ya kamata ya ce miki: mun gama wannan zango, ga dalilin da ya sa za mu shiga wancan, me kika gani? Rashin wannan jimla ɗaya shi ne yake sa gwaninta ta yi kama da kame-kame.

Abin da nake dubawa kafin in zaɓa

Ke tela ce, kin san awo yana sauyawa daga jiki zuwa jiki, amma ɗinkin da zai riƙe riga ba ya sauyawa. Nau'in ciwo shi yake faɗa mini abin da ba zan sauya ba. Sauran duk awo ne.

Nakan duba halin mutum. Akwai wanda idan ka ce masa yi kaza, ka gama da shi, ba zai yi ba ko da ya san gaskiya ce. Binciken Larry Beutler ya nuna irin waɗannan sun fi samun sauƙi idan masani ya rage ba da umarni ya bar su su kai ga matsaya da kansu. Akwai kuma wanda idan ka yi ta tambayarsa "kai me ka gani?" zai ɗauka ba ka san komai ba, ya zo wajen likita ne a gaya masa. Dattawa da yawa haka suke, kuma ba na jayayya da su kan haka.

Nakan duba shirin mutum. Matashin da iyaye suka kawo saboda tramadol ko kodin, shi bai ga matsala ba, koya masa dabarun daina sha ɓata lokaci ne. Da shi nakan bi hanyar da William Miller ya fara bayyanawa a 1983: ba wa'azi, ba gardama, sai tambayoyin da za su sa dalilin dainawa ya fito daga bakinsa. Irin waɗannan ba kaɗan ba ne, binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi.

Sannan yadda mutum yake fassara ciwonsa. Mafi yawan masu zuwa wurina ba sa cewa suna cikin damuwa. Ciwon kai suke kawowa, ko zafin jiki, ko faɗuwar gaba, ko wani abu mai yawo a jiki. Daga nan nake farawa, kuma nakan tura a duba jini da maƙoshi, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna iya kwaikwayon damuwa da fargaba. Wanda ya ce sammu ne ko iska, ba na ɓata zama ina musu da shi. Ya ci gaba da addu'o'insa da ruƙiyya, mu kuma mu yi namu. Inda nake taka burki shi ne duka, ɗauri da mari, da hana shan maganin asibiti. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna tun 1954 a Aro, kusa da Abeokuta, cewa ana iya jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauye tare da danginsu, har da haɗa hannu da masu maganin gargajiya.

Aikin gida ma sai an auna. CBT ta littafi tana son a riƙa rubuta tunani a takarda. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, wanda ba ya rubutu ya naɗi muryarsa a waya, matar da take tsoron a ga takardarta a gida mu ajiye ta a ofis. Haka kuɗin mota da nisa. Wanda ya taso daga Birnin Gwari ba zan tsara masa zama ashirin ba, na san ba zai iya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari a 2016 mai zama biyar kacal saboda irin wannan yanayi, a Zimbabuwe kuma Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna yin zama shida a kan benci a harabar asibiti, aka gwada aka ga yana aiki.

Iyakar abin

Kada in sa ki ɗauka mun gano sirrin haɗa kowane mutum da hanyarsa. A Amurka an yi wani gagarumin gwaji da mashaya giya 1,726, aka buga sakamakonsa a 1997, da niyyar gano wane irin mutum ya dace da wace hanya cikin uku. Kusan duk hasashen masanan bai tabbata ba, hanyoyin uku suka yi aiki kusan daidai. Ke nan zaɓin farko da masani yake yi hasashe ne mai dalili, kuma abin da yake raba shi da kame-kame shi ne a auna a gani. Ni nakan yi amfani da 'yar takarda mai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9 ga masu ciwon damuwa, a cika ta lokaci-lokaci. Ga mai waswasi, mintunan da alwala take ci sun isa ma'auni. Idan an yi zama shida zuwa takwas ba abin da ya motsa, sai a sake duba lissafi. Mai kame-kame yana sauya hanya ne don zaman ya yi masa nauyi ko don ya ji wata sabuwa a taron bita, kowane mako da sabon abu, ba wanda aka bi har ya nuna amfaninsa. Kuma ba wanda ya ƙware a dukkan hanyoyi. Masanin kirki yana da biyu ko uku da ya iya sosai, abin da ya fi ƙarfinsa ya tura gaba.

A zamanku na gaba ki tambaye shi kai tsaye: a fahimtarka me yake riƙe da ciwona, me ya sa muka koma wannan hanya, kuma da me za mu gane tana aiki? Wanda ya san aikinsa zai amsa da Hausar da za ki gane, ba zai ji haushi ba. Ki kuma faɗi abin da kike so, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan har yanzu kina buƙatar lokacin yin magana kan marigayi, a raba zaman biyu. Kusan mutum ɗaya cikin biyar yana barin irin wannan jinya kafin a gama, kuma an ga cewa waɗanda aka bi zaɓinsu sun fi tsayawa.

Wani abu da ba ki tambaya ba: ganin masani ɗaya da ƙanenki. Inda masana suke da yawa akan guje wa haka, a nan kuwa ƙarancinsu yakan tilasta. Sharaɗin shi ne kada maganarki ta je kunnen ƙanenki ta bakinsa, kada tasa ta zo naki, sai da izini. Idan kin ji kina tauna magana saboda wannan, ki nemi a haɗa ɗayanku da wani.

Ban gan ki ba, ban ga ƙanenki ba, kuma ɓangare ɗaya na labarin na ji. Rashin barci da rashin cin abinci da suka wuce shekara sun isa a ce likitan ƙwaƙwalwa ma ya duba ki, ko akwai buƙatar haɗawa da magani, domin masanin halayya ba ya rubuta ƙwayoyi. Idan kuma tunanin cewa gara mutuwa ya fara zuwa miki, ko kika daina ci da sha gaba ɗaya, ko ɗayanku ya fara jin muryoyin da wasu ba sa ji, kada a jira ranar zama. A tafi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a ranar, tare da wani na gida.